Ɓarayin zango da mudun da aka auna su da shi

A dandalin ƙauyukan da ke kewaye da Wanke, a ƙasar Gusau, duk wanda ya tashi yana kallon langa ya san cewa wasan ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, wato ruwa. Shi ne zai kama ƙafa ɗaya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar, yana lura da motsin masu taron hanyarsa, har ya hango kafa ya kutsa ya je ya sha. In ya yi gaggawa a ture shi, in ya yi nawa a toshe masa hanya. Kusan kowace unguwa tana da wani ruwa da ake ba da labarinsa shekaru bayan ya girma ya daina, amma ba mai iya faɗin sau nawa ya sha a rayuwarsa, domin ba a taɓa rubutawa ba.

Amurkawa suna da wasa mai irin wannan ɗan wasan, kuma su sun rubuta. Wasan shi ne besbol, wanda aka fara biyan 'yan wasansa albashi a fili tun 1869 a birnin Cincinnati. A kundin alƙalumansa akwai wata lamba da ta shekara fiye da 130 ba a kamo ta ba: 138. Wannan shi ne yawan zangon da wani ɗan wasa mai suna Hugh Nicol ya sata a kakar wasa ta 1887. Mafi kusa da shi a zamanin nan shi ne Rickey Henderson, wanda ya sata 130 a 1982. Sai dai masana wasan ba su ɗauki Nicol a matsayin wanda ya fi Henderson ba, kuma dalilinsu ya shafi duk mai karanta alƙaluma, ko da bai taɓa ganin gorar besbol ba.

Da farko dai, me ake sata? Filin besbol yana da kusurwa huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90, kimanin mita 27. Kusurwa ɗaya ita ce gida, sauran ukun kuwa zanguna ne. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya make ta da gora ya ruga zangon farko, abokansa da ke biye su yi ta bugu yana matsawa gaba, har ya zagayo gida a ba ƙungiyarsa maki ɗaya. Muddin ƙafarsa tana kan zango ba abin da za a yi masa. Amma doka ba ta tilasta masa jiran bugun abokinsa ba. Da zarar ya ga mai jifa ya ɗaga ƙafa zai saki ƙwallo, yana iya zabura ya nufi zango na gaba. Mai cafewa, wanda ke tsugune a bayan mai bugu, zai cafe ƙwallon ya wurga wa abokinsa da ke tsaron zangon. In ƙwallon ta riga mai gudu isa aka taɓa shi da ita, ya mutu, kamar yadda ake faɗa a langa, kuma mutuwa uku kacal ƙungiya take da ita kafin a karɓe gora daga hannunta. In kuwa shi ya riga ta, ya saci zango. Duka abin ba ya wuce daƙiƙa uku da 'yan kai.

Nicol haifaffen Sikotilan ne, an haife shi a 1858, ya tashi a Amurka. Gajere ne, tsawonsa ƙafa biyar da inci huɗu, kuma ba gwanin bugu ba ne: a wannan kaka ta 1887, a duk zuwa goma gaban mai jifa, da ƙyar yake samun bugu biyu masu kai shi zango. Ƙungiyarsa ita ce Cincinnati ta gasar American Association, wadda ta yi gogayya da National League daga 1882 zuwa 1891. Wasa 125 ya buga a kakar, ke nan satarsa ta fi yawan wasanninsa. Abin da ya kamata ya sa mai karatu ya ɗan dakata shi ne cewa ba shi kaɗai ba ne. A wannan shekara guda, Arlie Latham na St. Louis ya sata 129, kyaftin ɗinsa Charlie Comiskey ya sata 117, John Montgomery Ward na New York 111, Pete Browning 103, Jim Fogarty 102. Mutum shida sun haura ɗari a kaka ɗaya. Daga 1900 zuwa yau kuwa, mutum huɗu ne kawai suka taɓa kai wa ɗari: Maury Wills, Lou Brock, Henderson da Vince Coleman. Duk inda aka ga gwanaye shida sun ɓullo a shekara ɗaya sannan bayan 'yan shekaru aka yi kusan shekara saba'in ba a sake ganin irinsu ba, to, ba ƙafafunsu kaɗai za a duba ba, har da alƙalamin mai rubuta musu maki.

A 1886 aka fara ƙirga satar zango a hukumance, kuma cikin shekara goma sha biyu da suka biyo baya ma'anar kalmar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ƙa'idar 1887 ta ba mai gudu ladan sata ko da kuskuren abokin hamayya ne ya kai shi, wato in mai cafewa ya yi mugun jifa ko mai tsaron zango ya saki ƙwallo. Ta 1892 ta fi wannan faɗi: wanda ya tashi daga zangon farko ya zarce na uku a kan bugun abokinsa, ko ya matsa gaba bayan an cafe ƙwallo a sama, shi ma an rubuta masa sata, matuƙar an yi yunƙurin kashe shi. Ga kuma marubutan maki, waɗanda akasarinsu 'yan jaridar garin da ake wasan ne, kowa da irin fahimtarsa, kowa kuma da ɗan wasan da yake ƙauna. Sai a 1898 aka taƙaita ma'anar zuwa abin da ya yi kusa da ta yau. Saboda haka ne littattafan tarihin wasan suke ja layi a nan, su ce ga bajintar da, ga kuma ta zamani.

Akwai abin da ya faru a wannan kaka ta 1887 da ke nuna inda matsalar take. A shekarar, an yanke cewa duk wanda mai jifa ya kasa jefo masa ƙwallo daidai har aka ba shi zangon farko kyauta, a rubuta masa kamar ya yi bugu mai kyau. Da wannan lissafi Tip O'Neill na St. Louis ya gama kaka da nasarar bugu kashi 49.2 cikin ɗari. Shekara ɗaya aka yi aka janye dokar, kuma daga baya masu bincike suka cire zangunan kyauta daga lissafinsa, lambar ta sauko 43.5. An iya yin wannan gyara ne saboda an rubuta zangunan kyauta a wani gurbi daban. Satar Nicol ba ta sami wannan gatan ba. Ba wanda ya ware wadda ya yi da ƙafarsa daga wadda mugun jifa ya ba shi, duka an zuba su a buhu ɗaya an ɗinke. Lambar ba ta gyaruwa, ba ta kuma kwatantuwa.

Daga nan ne wasu suke zarcewa su ce 138 ƙarya ce, ko kuma ɓarayin wancan zamani ba su kai a kira su gwanaye ba. Wannan hukunci ya yi tsauri, kuma bai yi wa tarihi adalci ba. Nicol ya yi wasa ne a ƙarƙashin ƙa'idar da ta hau kan kowa a shekararsa, ya kuma fi kowa. Mudun da aka auna shi da shi babba ne, amma da shi aka auna Latham da Comiskey da sauran ɗaruruwan da ba su kai rabinsa ba. Haka kuma yanayin filin ya bambanta. Mai cafewa na lokacin yana sanye da siririyar safar hannu da ba ta hana yatsu karyewa ba, domin babbar safar da aka sani yau sai a ƙarshen shekarun 1880 ta fara bazuwa. Garkuwar ƙwauri kuwa sai a 1907 Roger Bresnahan ya fito da ita fili. Mutumin da tafinsa ya kumbura tun tsakiyar wasa ba zai yi jifan da zai riga mai gudu ba. Gudu a wancan zamani shi ne makamin da ya fi araha, kuma masu wayo sun yi amfani da shi.

Mafi girman ɓarayin wancan ƙarni shi ne Billy Hamilton, wanda ake yi wa laƙabi da gwanin sulɓewa saboda yadda yake zubewa ƙasa ya zame zuwa zango. Ya sata 111 a 1889 yana Kansas City, 102 a 1890 da 111 a 1891 yana Philadelphia. Ranar 31 ga Agusta 1894 ya sata bakwai a wasa ɗaya. Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne cewa makin da ya ci a rayuwarsa sun fi yawan wasannin da ya buga, kuma ma'anar dawowa gida ba ta taɓa canjawa ba tun da aka fara wasan. A nan ba a buƙatar wata fassara: mutumin yana isa inda ya nufa. Alƙalumansa na ƙarshe ma suna da abin lura. Ya sata 83 a 1896, 66 a 1897, sannan 54 a 1898, shekarar da aka ƙuntata ma'anar. Saukar ta soma tun kafin sabuwar doka, lokacin da ya haura shekara talatin, kuma dokar ba ta jefa shi rami ba. Wanda ya iya sata 54 da ƙaramin mudu yana ɗan shekara 32, ba alƙalami ne ya yi shi ba.

Jimillar satar Hamilton ita ma tana da nata labarin. Shekara da shekaru littattafai suna cewa 937. Lou Brock na St. Louis ya wuce Ty Cobb a 1977 ya zama zakaran zamani, amma bai ajiye takalmi ba sai da ya kai 938 a watan Satumba 1979, don kada a ce akwai wani tsoho a gabansa. Masu bin tsofaffin jaridu wasa bayan wasa sun nuna cewa lissafin Hamilton bai kai haka ba: wasu kundaye yanzu suna cewa 914, wasu 912. Brock ya kamo lambar da babu ita. Henderson ya wuce shi ranar 1 ga Mayu 1991, ya gama da 1,406, ya rasu a Disamba 2024 ba wanda ya ko matso kusa da shi.

Gyaran 1898 bai kammala aikin ba, har ma ya zubar da wani abu mai amfani. Ɗan wasan da ke tashi daga zangon farko ya isa na uku a kan bugu ɗaya yana yi wa ƙungiyarsa aiki na gaske, tsohuwar ƙa'ida ta gan shi, sabuwa ta kau da kai. Sai a 'yan shekarun nan masu nazarin wasa da kwamfuta suka dawo suna ƙirga wannan a gurbinsa na daban. Babban giɓin kuwa shi ne cewa an daɗe ana rubuta nasarar ɓarawo ba a rubuta kamunsa. American League ta fara ƙirga kamun a kai a kai daga 1920, National League kuwa sai 1951 ta daidaita a kai, bayan ta yi ta farawa tana dainawa. Ba wanda ya san sau nawa aka kashe Nicol a hanya.

Muhimmancin wannan yana fitowa in aka ɗora mutum biyu a sikeli. Ty Cobb na Detroit ya sata 96 a 1915, lambar da ta tsaya har 1962, amma an kama shi sau 38 a kakar. Max Carey na Pittsburgh ya sata 51 a 1922, aka kama shi sau biyu tak. Masu lissafin wasan sun nuna cewa asarar mutuwa ɗaya ta ninka ribar zango ɗaya fiye da sau biyu, don haka ɓarawon da ba ya tsira a aƙalla bakwai cikin goma yana cutar ƙungiyarsa ne yana tsammanin taimako yake yi. Cobb na 1915 yana kan wannan iyakar, da ƙyar ya haye. Carey kuwa kusan riba zalla ya kawo. Sunan Cobb ne ya shiga bakin duniya, saboda 96 ta fi 51 daɗin faɗi. Ko Henderson, a shekarar da ya sata 130, an kama shi sau 42, wanda shi ma ba a taɓa yin irinsa ba.

Wani abin dariya ya auku a tsakani. A 1911 wani ɗan wasan Washington mai suna Germany Schaefer ya saci zango na biyu don ya ja mai cafewa ya yi jifa, abokinsa da ke na uku ya samu ya ruga gida. Mai cafewa ya ƙi jifa. Sai Schaefer ya juya da gudu ya koma zangon farko don ya sake gwadawa. Babu dokar da ta hana, sai a 1920 aka rubuta ta. A wannan shekarar ce kuma Babe Ruth ya fitar da ƙwallo waje da fili sau 54, wasan ya koma na ƙarfin dantse, sata ta yi kwantai, har a 1950 Dom DiMaggio ya zama zakaran American League da sata 15 kacal.

Mai karatu a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba ya buƙatar a koya masa wannan darasi a kasuwar hatsi. Ya san cewa tiyar da aka auna masa gero a tsaitsaye ta sha bamban da wadda aka cika aka yi mata tozo, kuma kafin ya tambayi farashi yakan kalli kwanon. Abin mamaki shi ne yadda wannan hattara take gushewa in lamba ta fito daga ofis. A watan Afrilu 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take dogara da ita wajen auna tattalin arzikin Nijeriya daga 1990 zuwa 2010, ta shigo da sassa irin su wayar salula da finafinai da tsohon lissafi bai ba su haƙƙinsu ba. Cikin dare ɗaya girman tattalin arzikin ya kusa ninkawa, ya kai kimanin dala biliyan 510, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Ba a ƙara ko buhu ɗaya a rumbun kowa ba. A 2023 kuma hukumar ta bayyana rashin aikin yi a matsayin kashi 4.1 cikin ɗari, alhali lambar ƙarshe da aka sani, ta ƙarshen 2020, ita ce 33.3. A tsohon ma'auni sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako ake cewa yana da aiki, a sabon kuwa awa ɗaya ta wadatar, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye da yake zamba. Sabon ma'aunin yana ba da damar kwatanta Nijeriya da maƙwabtanta, kuma hukumar ba ta ɓoye cewa ta canja shi ba. Zambar tana shigowa ne a bakin wanda ya jera 33.3 da 4.1 a layi ɗaya ya ce an samu ci gaba, daidai da wanda zai jera 138 da 130 ya ce Nicol ya fi Henderson gudu. Manomin Wanke da rashin tsaro ya raba shi da gonarsa ta nesa, ya koma yana tallan rake na 'yan awoyi a bakin tasha, a sabon lissafi mai aiki ne. Lambar ba ta yi masa ƙarya ba, amma ba ta kuma faɗi halin da yake ciki ba, kamar yadda 96 ba ta faɗi sau 38 da aka kashe Cobb ba. Abin da besbol ya yi daidai, bayan dogon lokaci, shi ne ya bar tsohuwar lamba a wurinta, ya ja layi a ƙarƙashinta, ya kuma ƙara gurbin da ke nuna asara kusa da na riba.

Akwai kuma waɗanda ba a auna su da kowane mudu ba. A watan Yuli na wannan shekara ta 1887 da Nicol yake sharafinsa, gasar International League ta kaɗa ƙuri'ar daina ɗaukar sababbin 'yan wasa baƙar fata, kuma manyan gasanni suka rufe ƙofa ba tare da rubutacciyar doka ba har zuwa 1947, lokacin da Jackie Robinson ya shiga Brooklyn, ya kuma zama zakaran sata na National League a kakarsa ta farko. A tsakanin nan baƙaƙen fata sun yi nasu gasannin, kuma a cikinsu ne James Bell, wanda aka fi sani da Cool Papa, ya yi suna a St. Louis Stars da Pittsburgh Crawfords da Homestead Grays. Yawancin wasanninsa ba a ajiye cikakken lissafinsu ba. Abin da ya rage shi ne labari, irin wanda abokinsa Satchel Paige ya yaɗa, wai yakan kashe fitila ya shige bargo kafin duhu ya rufe ɗakin. Matsayinsa a tarihi ya fi kama da na ruwan langa fiye da na Hamilton. A Disamba 2020 hukumar manyan gasanni ta amince cewa gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948 manya ne, a Mayu 2024 kuma ta zuba alƙalumansu a kundinta, abin da ya sa Josh Gibson ya hau kan Cobb a nasarar bugu. Satar Bell kuwa, abin da aka iya tonowa daga jaridu ne kawai ya shiga.

Mudun bai daina canjawa ba. A 2023 an ƙara faɗin zanguna daga inci 15 zuwa 18, abin da ya rage tazarar zangon farko da na biyu da inci huɗu da rabi, aka kuma taƙaita wa mai jifa yawan juyawar da zai yi don tsare mai gudu: sau biyu, na uku in bai kashe shi ba a ba shi zango kyauta. Jimillar sata a manyan gasanni ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503 a 2023, kuma takwas cikin kowane yunƙuri goma sun yi nasara. Ronald Acuña na Atlanta ya sata 73 a wannan kaka. An rubuta lambarsa a gurbi ɗaya da ta Cobb da ta Wills da ta Henderson, ba a ja mata layi ba, ba a kuma sa mata wata alama ba.